Giwa Mai Ƙafa Ɗaya

Sufeto yana tsaka da hararar kofin shayin da matarsa ta hana a sa wa sukari, sai ga Saje ya faɗo ofis ko sallama babu.

"Oga, an bugo daga gandun daji. Goggo ta kashe mutum."

"Goggon wa?"

"Ba su faɗa ba. Sun dai ce ta tattake shi a bakin ruwa."

Sufeto ya ture kofin gefe. Ya daɗe a aikin nan, ya ga maƙwabci ya kashe maƙwabci a kan magudanar ruwa, amma bai taɓa jin tsohuwar da ta tattake ƙato har lahira ba. Sai da suka isa ƙofar gandun sannan shugaban masu gadin dajin, wanda kowa ke kira Kwamanda, ya warware masa.

"Yallaɓai, giwa ce. Ita ce uwar garke, ta girmi duk wanda ke aiki a nan. Mu muka sa mata Goggo."

Idanun Kwamanda sun yi jawur, muryarsa ta dushe.

"Wanda ya mutu fa?"

"Auta. Jagoran masu yawon kallon namun daji ne. Shi da yayansa ke da kamfanin da ke kawo mana baƙi. Suna shirya wata babbar tafiya a ƙarshen mako, shi ya sa ya shigo jiya ya duba hanya. Da asuba muka tarar da gawarsa a mashaya, Goggo tana tsaye can gefe."

Yayan yana nan a ƙofar, an rirriƙe shi. Mutum ne mai tsabta, ga agogo ga turare, Manaja ake ce masa. Kuka yake yi wiwi yana dukan bangon ɗakin masu gadi.

"A harbe ta! Ni na raine shi, ni na sa shi makaranta! A harbe ta a gabana!"

Sufeto ya bari ya ɗan lafa.

"Ka yi haƙuri, Manaja. Yaushe rabonka da shi?"

"Jiya da la'asar. Ni na kai shi mashayar a motarmu. Ya ce in tafi, zai tako da ƙafa ya kwana a sansanin masu gadi. Muna dariya muka rabu, Yallaɓai, muna dariya."

Daraktan gandun ya ja Sufeto gefe. Dokar wurin a fili take, in ji shi: duk giwar da ta kashe mutum sai an harbe ta, domin in ta fara ba ta dainawa. Kalma ɗaya kawai suke jira daga bakin 'yan sanda, Kwamanda ya ɗauki bindiga.

A gaskiya Sufeto bai damu da giwa ba. Mutumin birni ne, ko akuya ce ta zaburo masa sai ya ba ta hanya. Da son ransa ne, daga cikin mota zai leƙa gawar, ya ce a harba, ya koma ofis. Amma aiki aiki ne, ya sauka.

Gawar tana kwance rigingine a kan taɓo. A ƙirjin rigar akwai zagayayyen sawu na laka, ga irinsa birjik a kewaye. Sufeto ya yi taku biyu, ƙafarsa ta lume har idon sawu. Saje ya juya baya yana tarin ƙarya don kada a ga dariyarsa.

Sufeto ya zaro ƙafar da kyar. Ya dubi ramin da takalminsa ya bari, ya dubi sawun giwar da ke dab da shi, wanda bai fi a ce an ɗora faranti a kan laka an ɗauke ba. Sai ya daina tsaki.

"Kwamanda, tsakanina da Goggo wa ya fi nauyi?"

Kwamanda ya sosa ƙeya. "To, Yallaɓai..."

"Faɗi gaskiya, matata kullum faɗa mini take yi."

"Ai Goggo ta yi motar lodi."

"To yaya aka yi ni na nutse, ita ba ta nutse ba?"

Kwamanda ya durƙusa. Tun asuba fuskar abokinsa kawai yake kallo, bai dubi ƙasa ba sai yanzu. Ya bi sawun ɗaya bayan ɗaya da rarrafe, can sai ya ɗago baki buɗe.

"Innalillahi. Yallaɓai, duk ƙafa ɗaya ce."

"Kamar yaya?"

"Ƙafar gaba ta giwa zagayayya ce, ta baya doguwa. A nan babu ta baya ko ɗaya. Dubi wannan tsagar mai kama da ƙugiya, kowane sawu da ita, a wuri guda." Ya nuna can nesa, inda wasu ramuka masu zurfi suka cika da ruwa. "Ga sawun Goggo can. A can ta tsaya. Ba ta ƙaraso ba."

Sufeto ya sa Saje ya ɗauki hoton tsagar da waya, kusa da kusa.

Shi Darakta ko gezau. Ya ce mutanen ƙauyukan da ke kewaye sun fara taruwa a ƙofa, baƙi na ta bugowa suna fasa zuwa, ga ɗan'uwan mamaci ya ce sai ya kai maganar sama.

"Ba zan tsaya gaban jama'a in ce musu giwa mai ƙafa ɗaya ce ta yi kisa ba, Sufeto. Na ba ka zuwa faɗuwar rana. In ba ka kawo mini mutum ba, Kwamanda zai fita."

Kwamanda ya raka su har mota. Ya riƙe murfin ƙofar ya ƙi saki.

"Yallaɓai, tun ina sabon ɗauka nake bin ta. In aka ce in harba, zan harba, don aikina ne. Amma ka taimake ni."

A mutuware likita ba ta ɓata musu lokaci ba. Ta juya kan gawar ta nuna ƙeya.

"Ga abin da ya kashe shi. Duka ɗaya, da ƙarfe mai kauri."

"Ƙirjin fa?"

"Haƙarƙari biyu sun karye, amma bayan ya mutu ne, shi ya sa babu jini a ciki. Da giwa ce ta taka shi, Sufeto, da shebur za ku kwaso mini shi."

"Me zai karya su?"

"Nauyin mutum ma ya isa."

Saje ya ja salati a hankali. Suka fito suka shiga mota.

Ofishin kamfanin ɗaki ne guda a saman wani shagon taya. Bango duk hotunan giwaye, ga taswirar gandun an bi hanyar tafiyar da jan biro, ga hulunan rana da robobin ruwa an jibge a lungu ana jiran baƙi. Sakatariya ce kaɗai a ciki, tana amsa waya tana share hawaye.

"Yaya zaman Manaja da ƙanensa?"

"Lafiya lau, Yallaɓai. Ko musu ban taɓa ji sun yi ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Sufeto ya taso cikin 'yan'uwa maza, ya san wa da ƙanen da ba su taɓa musu ba sai dai in ɗayansu kurma ne. Ya shiga zagaya ɗakin. A gefen teburin Manaja ya tsaya. Kafet ɗin duk ya koɗe, amma akwai wuri guda zagayayye da launinsa ke nan sabo fil.

"Me ke nan wurin a da?"

"Tukunyar fure."

"Ina take?"

"Ta... ta fashe."

Sufeto ya ɗaga kai. A saman teburin akwai babban hoton Manaja cikin kayan shiga daji, yana murmushi, ya harɗe a kan wata 'yar kujera mai launin toka-toka, mai manyan farata. Tsohuwar ƙafar giwa ce busasshiya, irin wadda ake ɗaure wa fata a sama a mayar da ita wurin zama.

Ya ciro hoton daga bango ya ajiye a gabanta.

"Ƙanwata, wannan furen wane irin ruwa ake ba shi?"

Ta yi tsuru-tsuru, sai ta fashe da kuka.

"Wallahi shi ya bugo da safe ya ce in an tambaya in ce tukunyar fure ce. Ban san dalili ba. Ta mahaifinsu ce. Jiya da safe suka sa ta a mota, suka je wani otal tallar tafiyar, don baƙi suna son hoto da ita. Daga can suka wuce daji. Ba ta dawo ba."

"Musun fa?"

"Sati guda ke nan suna yi. In suka fara sai a aike ni sayen ruwa. Ka tambayi matar Auta."

Rana ta riga ta karkata lokacin da suka isa gidan mahaifiyarsu. Maza sun cika ƙofar gida a kan kujerun roba, Manaja a tsakiya yana amsa gaisuwa, waya manne a kunne. Sufeto ya ji shi yana cewa, "Darakta, me kuke jira? Sai ta kashe wani?" Motar kamfanin, mai buɗaɗɗen kai, tana can bayan gida an lulluɓe bayanta da tamfol. Sufeto ya yi wa Saje inkiya da ido, shi kuma ya nemi iso wurin matar mamacin.

Yarinya ce ƙarama, goyo a bayanta. A tsakar gida surukarta, wadda kowa ke kira Mama, tana zaune cikin mata, ba ta daina magana ba.

"Allah ya tsine wa dabbar nan. Allah ya isa tsakanina da ita. Ta raba ni da autana."

Matar Auta ta ja Sufeto bakin kicin, ta yi ƙasa da murya.

"A kan me suke faɗa?"

"A kan tafiyar nan ce. Yaya ya yi wa baƙin alkawari za a sauke su daga mota, su taka da ƙafa har mashaya su yi hoto da ɗan jaririn giwa. Shi kuwa mijina ya ce ba da shi ba. Ya ce garken da ke da jariri ko shi ba ya matsawa kusa, balle mutane da 'ya'yansu."

"Sai Manaja ya ce me?"

"Ya ce an riga an buga a talla, ba zai zama maƙaryaci ba. Jiya da mijina zai fita ya ce mini zai kai Yaya ya gani da idonsa. In bai janye ba, yau zai je ya faɗa wa Darakta a hana su shiga." Ta dube shi a tsorace. "Yallaɓai, me ya sa kake tambaya? Ba giwa ba ce?"

Sai ga Saje ya leƙo yana toshe hanci.

"Oga, zo ka gani."

Ƙudaje sun baibaye tamfol ɗin. A ƙarƙashinsa ga ƙafar giwa kwance. An wanke ta da sabulu, tsohuwar fatar ta sha ruwa ta tashi da wari kamar mushe. Sufeto ya sa aka kinkimo ta zuwa bakin famfon bayan gida, inda ƙasa take jiƙe, ya aika a kira Manaja shi kaɗai.

Manaja ya zo yana gyara agogo. Yana ganin abin da ke ƙasa ya ja ya tsaya.

"Ka san wannan?"

"Kujerar ofis ce. Tana cikin mota tun jiya. Laifi ne?"

"Me ya sa ka wanke ta?"

"Ƙura ta yi."

"Me ya sa ka ce sakatariyarka ta kira ta tukunyar fure?"

"Yarinyar nan ba ta da hankali, kowa ya sani."

Sufeto ya tsayar da ƙafar a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya haye kanta da dukkan nauyinsa, ya sauka. Saje ya ɗauke. Zagayayyen sawu ya fito raɗau, ga tsaga mai kama da ƙugiya a gefe. Sufeto ya buɗe hoton da ke cikin waya, ya durƙusa ya ajiye kusa da sawun.

"Wannan daga gefen gawar ƙanenka muka ɗauko. Shekara da shekaru kana sayar wa mutane kallon giwa, Manaja, amma daga cikin mota kake kallonta. Ko sau ɗaya ba ka taɓa duba ƙafafunta ba. Guda huɗu ne, kuma ba iri ɗaya ba ne."

Gumi ya keto wa Manaja. Sai a lokacin suka lura Mama ta fito da buta a hannu za ta ɗebi ruwa, matar Auta na biye da ita. Ba su san tun yaushe suke tsaye ba.

"Babba," in ji Mama, "me mutumin nan yake cewa?"

"Mama, ki koma ciki."

"Ka dube ni. Me yake cewa?"

Bai iya dubanta ba. Ya zube a cikin lakar da fararen kayansa.

"Ban yi niyya ba, Mama. Wallahi ban yi niyya ba. Ya nuna mini sawun jaririn, ya ce, 'Yaya, ba ka san dajin nan ba, ka bar wa waɗanda suka sani.' Ni! Ni da na goya shi! Kamfani ni na kafa, amma duk wanda ya hawo bene sai ya wuce ni ya ce ina Auta. Ya juya baya zai tafi wurin Darakta, sifanar taya tana hannuna..."

"Ina sifanar?" in ji Sufeto.

"Na jefa a ruwa."

"Ƙirjinsa fa?"

Manaja ya sunkuyar da kai.

"Ƙirjinsa fa, Manaja?"

"Na bubbuga sawun a ƙasa, na ga ba zai isa ba. Sai na ɗora masa ita a ƙirji." Muryarsa ta koma kamar ta mai raɗa. "Na hau."

Butar ta suɓuce daga hannun Mama. Matar Auta ta ƙwala wata irin ƙara da ta sa mazan ƙofar gida suka yo ciki a guje. Shi kansa Sufeto, da ya ɗauka babu sauran abin da zai girgiza shi a duniya, sai da ya dafa bango. Mutumin da ya ga yana dukan gini da safe yana cewa shi ya raini yaron, ashe da ƙafafunsa ya tsaya a kansa.

Saje ya saka ankwa. Sufeto ya ɗaga kai ya ga rana ta yi ja, ta kusa taɓa rufin maƙwabta. Ya kira Darakta.

"Ai Kwamanda ya daɗe da fita," in ji Darakta. "Yayan mamacin ya hana ni sakat, jama'a kuma sun fara jifan ƙofa. Na ce ya tafi kawai."

"Yayan ne ya kashe shi! Ga shi nan a ankwa!"

Sufeto ya ƙara ɗaga murya.

"Darakta! Kira shi a oba-oba!"

"Kashewa suke yi in suna bin dabba. Gwada wayarsa."

Sufeto ya lalubo lambar. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake. Mutanen da suka cika bayan gidan duk sun zuba masa ido, ba wanda ya san me yake nema. A karo na uku aka ɗauka, wata murya ta yi raɗa.

"Yallaɓai, tana gabana. Na riga na saita."

"Sauke bindigar. Mun kama shi. Ya amsa da bakinsa."

Sai Sufeto ya ji ƙarar ƙarfe an ajiye a ƙasa, sannan ya ji ƙaton mutum yana kuka kamar yaro. Ya sauke ajiyar zuciya, ya kashe wayar, ya share fuskarsa da hannun riga.

Aka ratsa da Manaja ta tsakiyar masu gaisuwa. Waɗanda ɗazu suke ba shi haƙuri suka dare, wasu hannu a ka, wasu baki buɗe. Saje ya tura shi bayan mota ya rufe.

Sufeto zai shiga ke nan ya ji an riƙe masa hannun riga. Mama ce, ba mayafi, ba takalmi. Hawayenta sun ƙafe.

"Ɗana, giwar nan, an harbe ta?"

"A'a, Mama. Allah ya sa mun tare da wuri. Ba ta da laifi."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta dubi motar, inda ɗanta ya kifa kai a gwiwa.

"Na sani aikinka ka yi," in ji ta. "Amma da ka bari sun harbe ta, da yau na kwana da ɗa ɗaya."

Ta saki rigar Sufeto, ta juya ta shiga gida. Ya daɗe tsaye a bakin motar kafin ya ce wa Saje ya ja su tafi.